Jakar fatar kada da na tarar a akwatin Inna: in sayar ko in ajiye?

Auta, Jidda:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Yau kwana 50 da rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Sai shekaranjiya muka iya buɗe akwatinta na ƙarfe, wanda tun da aka rushe mana unguwa a Karantina muka tashi ba ta sake buɗe shi a gabanmu ba. Can ƙasa, a ƙarƙashin atamfofi, na tarar da wata jaka a naɗe cikin tsohon mayafi. Baƙa ce, fatar gida-gida irin ta kada, hannu ɗaya a sama, da maɗauri biyu da ke haɗuwa a kan wani ƙarfe da ake murɗawa. In an ɗaga murfin akwai rubutu da ruwan zinare, Hermès Paris. Hannun ya tsage kaɗan, gefe ɗaya kuma ya yi fumfuna.

Inna ta yi shekara 22 tana aiki a gidan wasu Larabawa. Da uwar gidan ta rasu, 'ya'yanta suka raba wa ma'aikata kayan sawarta sadaka. Na tabbata daga nan jakar ta fito, amma ban taɓa ganin Inna ta riƙe ta ba ko sau ɗaya.

Jiya na kai ta wani shagon tsofaffin kaya. Mutumin ya jujjuya ta, ya ce jabu ce, amma zai taimake ni da riyal 300. Na fara naɗe ta, ya ce 1,000. Ina bakin ƙofa ya biyo ni ya ce 2,500. Gabana ya faɗi, na dawo gida. Don Allah wanda ya san harkar nan ya faɗa mini me nake riƙe da shi.

Hajiya Babba, Makka:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makoma, ku kuma Ya ba ku haƙuri. Kada ƙafarki ta sake taka shagon nan. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ce abu jabu ne ba ya bin sa har bakin ƙofa.

Anti mai shagon jakunkuna, Riyad:
Allah Ya jiƙan Inna. Ƙanwata, shekarata 9 ina saye da sayar da jakunkunan hannu na biyu, bari in gaya miki abin da za ki duba, amma ki sani tun yanzu ba a yanke hukunci daga nesa.

Siffar da kika kwatanta ta jakar da ake kira Kelly ce. Kamfanin Hermès ya soma a Paris a 1837, kuma linzami da kayan doki yake yi tun asali, sirdi ya biyo baya. Shi ya sa har gobe ɗinkinsu na masu sirdi ne: zare ɗaya, allura biyu, da hannu. Ki duba ɗinkin da kyau. Na hannu yana ɗan karkacewa, kowane ɗaya ya jingina da ɗan uwansa. In kin ga ya miƙe sak kamar na keken tela, to jikinki ya yi sanyi. Ita jakar tun shekarun 1930 ake yin ta, sunan ne ya zo daga baya saboda Grace Kelly, 'yar fim ɗin Amurka da ta auri Yariman Monako a 1956, aka yi ta ɗaukarta hoto da irin jakar a hannu.

Kusa da rubutun zinaren nan akwai wata 'yar alama da ke faɗin dabbar. In kamar ƙaramar hula ce mai tsini, wato ^, kadan ruwan gishiri ne na wajen Ostareliya, shi ne mafi tsada. Ɗigo biyu, kadan Kogin Nilu. Ƙaramin murabba'i, wani ɗan uwan kada ne na Amurka da ake kira aligeta. Layi ɗaya ko biyu a kwance, fatar guza ce. Ta jimina ba a sa mata alama, ƙurajen gurbin gashin nan sun isa shaida.

Sannan ki juya bayan maɗaurin nan biyu. A ɗaya za ki ga harafi an danna shi a cikin fatar ba tare da launi ba. Daga 1971 zuwa 1996 harafin yana cikin da'ira, A ita ce 1971, a yi ta ƙirgawa har Z. Daga 1997 zuwa 2014 yana cikin murabba'i. Ki faɗo mini abin da kika gani. Sai dai masu jabu ma sun san duk wannan, suna bugawa. Rashin alamar yana iya kayar da jaka, samunta kuma bai isa ya tsayar da ita ba.

Ɗan Baduku, Riyad:
Allah Ya yi mata rahama. Ni direba ne a nan, amma a gidan dukanci na tashi a Kano, mahaifina har ya rasu a Kasuwar Kurmi yake. Tambarin Turawa ban san shi ba, fata kuwa na san ta.

Auta, ki fara raba fatar kada da fatar saniya da aka danna wa zanen kada da ƙarfe mai zafi. Ta dannawa zanenta yana maimaita kansa, in kika ƙura ido za ki ga gida iri ɗaya a nan, ki sake ganin sa a can. Ta kada ba ta haka. A tsakiya, inda cikin dabbar yake, gidajen manya ne masu kusurwa huɗu, suna tafiya suna ƙanƙancewa suna zagayewa har gefe. Ki kunna fitilar waya ki kalli gida ɗaya: kusa da bakinsa akwai ɗan ɗigo kamar an soka allura. Wannan halittar kada ce, da shi yake jin motsin ruwa. Shi wancan na Amurka da Anti ta faɗa ba shi da wannan ɗigon a cikinsa.

Abu mafi muhimmanci: kada ki shafa mata komai. Ba ruwa, ba turare, ba mai. Ƙyallin nan da kike gani ba fenti ba ne, goge fatar ake yi da dutsen aƙiƙ har ta ɗauki sheƙi, ɗigon ruwa ɗaya yana bar mata tabon da ba ya fita. Fumfunar ki share da busasshen ƙyalle mai laushi, a hankali, ki bi yadda gidajen suka kwanta. Ki ajiye ta inda iska ke shiga, ba rana, ba leda. Laimar Jidda ita ta jawo fumfunar nan. Mu a Riyad bushewa ce matsalarmu, fata ta yi ta darewa.

Auta, Jidda:
Innalillahi. Yaya, na riga na shafa man kaɗanya a kusurwa ɗaya ta ƙasa, don na ga ta bushe. Wurin ya dushe, ya fi sauran duhu. Na lalata ta ke nan?

Ɗan Baduku, Riyad:
Ba ki lalata ba tunda kusurwa ce, amma ki tsaya nan. Kada ki ce za ki wanke. Ki ɗora farin ƙyalle ki danna a hankali ya tsotsi abin da zai tsotsa, ki bar sauran. Man kaɗanya na ƙirgi ne da takalmi, ba na wannan ba.

Anti mai shagon jakunkuna, Riyad:
Kuma hannun da ya tsage kada ki kai wa mai gyaran takalmi. Jakar da wani hannu ya taɓa darajarta faɗuwa take yi, shi kansa kamfanin galibi ba ya karɓar gyaran wadda aka gyara a waje. Mai saye na gaskiya ya fi son ya gan ta da rauninta.

Kawu, Madina:
Ni dai wannan magana tana damuna. Jaka fa ake magana, abin zuba carbi da maɓalli. Na ji an ce akwai wadda kuɗinta ya kai na gida. In ba almubazzaranci ba mene ne wannan? Ga 'yan uwanmu nan da yawa kuɗin sabunta igama, wato takardar izinin zama, ya gagare su.

Anti mai shagon jakunkuna, Riyad:
Kawu, abin da ka ji gaskiya ne. A 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da wata Kelly a Hong Kong sama da dala 500,000, kusan riyal miliyan 2. Irin wadda suke kira Himalaya ce, fatar kadan Nilu da aka mayar fara da toka-toka, maƙullanta da lu'ulu'u. A watan Yulin 2025 kuma Sotheby's ta sayar da jakar Birkin ta farko, wadda Hermès ya yi wa mawaƙiya kuma 'yar fim Jane Birkin, Yuro miliyan 8.6 a Paris, alhali wannan ma ba fatar kada ba ce, kuma duk ta sha jiki. Amma don Allah Auta kada ki ɗora waɗannan lambobi a ranki. Taki ta tsufa, ta yi fumfuna, hannu ya tsage. In ta tabbata ta gaske ce za ta yi kuɗi mai auki, nesa da abin da mutumin can ya taya, amma ba kuɗin da ake bugawa a labarai ba. Na ga mata da yawa sun shigo shagona da buri, sun fita da hawaye.

Hajiya Babba, Makka:
Kawu, ai ba saye yarinyar nan za ta yi ba. Gumin uwarta ne na shekara 22 ya dawo ta wata ƙofa. Almubazzarancin, in ma akwai shi, yana kan wadda ta saya tun farko, ita ma ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya yafe mata. Ta bar abin da aka yi sadaka da shi.

Kawu, Madina:
Haka ne Hajiya, ban ce laifin yarinya ba ne. Zuciyata ce dai ba ta kwanta da duniyar da ake irin wannan ciniki ba.

Gwaggo 'yar Mai Wurno, Jidda:
Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye, ba don jakar Faransa ba. Ni haifaffiyar Mai Wurno ce, a bakin Bahar, wato Kogin Nilu, kusa da Sinnar a Sudan, inda kakanninmu suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Aure ya kai ni Omdurman. A babbar kasuwar can akwai layin masu fata, tun daga nesa warin jima zai tare ka. Jakar kada, jakar mesa, jakar guza, wata ma da kan ɗan kadan a jikin murfin, Turawa masu yawon buɗe ido suna rububi. Ga takalmin markub na fatar mesa da maza ke sawa ranar Juma'a da farar jallabiya. Da garad ake jeme su, wato bagaruwarmu ta gida.

Ranar da aka kai ni ɗaki mijina ya ba ni jakar mesa, ruwan ƙasa, da ɗan madubi a cikin murfi. Shekara 31 tana hannuna. Kowace Sallah in fito da ita, in goge, in riƙa zuwa idi. Da yaƙi ya tashi a watan Afrilun 2023 muka fito da kayan jikinmu kawai, tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki. Ba ta da tambarin kowa, da na kai ta gwanjo ba mai ba ni riyal 100. Amma wallahi 'yata, da za a ajiye mini ita da taki a ce in zaɓa, tawa zan ɗauka. Ki yi tunani sosai kafin ki rabu da abin da hannun uwarki ya naɗe.

Ɗan Baduku, Riyad:
Gwaggo, Allah Ya mayar da alheri, Ya kawo zaman lafiya Sudan. Kin taɓo inda yake mini ciwo. Fatar jar akuyar Sakkwato ɗaruruwan shekaru ana ɗaukar ta a raƙuma ana ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun mutanen Maroko suna kiran ta fatar Maroko. Yau ma masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifaniya, a yi jaka da takalmi a can, a buga suna, mu zo nan titin Tahliya muna leƙen ta ta gilashi. Mahaifina zai yi mako guda a kan jaka ɗaya, mai saye ya tsaya yana masa tayin wulaƙanci.

Anti mai shagon jakunkuna, Riyad:
Yaya, ina tare da kai, amma mu faɗi ɗaya gefen. Ba suna kaɗai ake saye ba. Su kadan nasu a gona ake kiwonsa, a raba shi da 'yan uwansa don kada su yi faɗa su ji wa fatar rauni. Cikin kawai ake yanka, jaka ɗaya tana iya cin fata biyu ko uku don a samu gidajen su yi daidai hagu da dama. Mutum ɗaya ne ke ɗinka ta daga farko har ƙarshe. Jakar shekara 40 tana zuwa hannuna zarenta bai motsa ba. Namu kuwa sau da yawa hannun gwani ne, amma zif ɗin na banza, shafin ciki na leda, jimar an yi ta cikin gaggawa tana wari.

Ɗan Baduku, Riyad:
Saboda ba a biya ba ne, Anti. Ki ba baduku kuɗin wata guda a kan jaka ɗaya ki ga ko zai sa mata zif ɗin banza. Tsofaffin jakunkunan mahaifina suna nan a gidaje, bagaruwa zalla, babu wari, sun fi ni shekaru.

Ɗaliba, Jidda:
Ku yi haƙuri iyaye in sa baki. Dabbobin fa? Ita kanta Jane Birkin a 2015 ta nemi a cire sunanta daga jakar kada bayan an fitar da hotunan yadda ake kashe su a wasu gonaki, sai da kamfanin ya ba ta tabbaci suka daidaita. Kamfanin Chanel kuma tun ƙarshen 2018 ya daina aiki da fatar kada da maciji da guza. Musulunci ma ai ya hana azabtar da dabba.

Gwaggo 'yar Mai Wurno, Jidda:
Gaskiyarki 'yata, a kan sabuwa. Wannan kadan kuwa ya mutu tun ba a haife ki ba. Jefar da jakar ba zai tashe shi ba.

Malam, Makka:
Allah Ya jiƙan mahaifiyarku. Abu biyu zan faɗa, na biyun ya fi na farko nauyi.

Na farko, tsarkin fatar. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa fata idan aka jeme ta ta tsarkaka. Malamai sun saɓa a kan faɗin wannan hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya kada dabbar ruwa ce, mushen dabbar ruwa kuwa mai tsarki ne, don haka babu damuwa a riƙe ta ko a sayar. Hanbalawa, waɗanda su ne rinjaye a ƙasar nan, ba su halatta cin kada ba, shi ya sa za ki ji wasu malaman nan suna ƙyamar fatarsa. Saɓani ne sananne, kada ya ruɗa ki. Inda nake jan hankalin mata masu sayen tsofaffin jakunkunan Turai shi ne fatar alade. An yi amfani da ita sosai a da, musamman a tsofaffin jakunkunan Italiya, a baki-baki ko a shafin ciki. Alamarta ƙananan huji uku-uku a tare.

Na biyu, 'yata, kin ce "in sayar ko in ajiye". Jakar nan ba taki ba ce ke kaɗai. Tun da aka ba mahaifiyarku ta zama dukiyarta, yau kuma ta zama gado. In tana da bashi ko wasiyya a fara da su, sauran na magada ne duka. Da kin karɓi 2,500 ɗin nan jiya, da kin sayar da haƙƙin 'yan uwanki a kan farashin da ba nasa ba. Ko ajiyewa za ki yi, sai an san ƙimarta, kowa ya yafe da saninsa ko a biya shi rabonsa. Yafewar da aka yi a kan jahiltar ƙima ita ke dawowa ta raba zumunci bayan shekaru.

Auta, Jidda:
Na gode Malam, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Mu biyar ne, maza biyu suna Kano, mu mata uku muna nan. Yau da dare zan kira babban yayanmu.

Hajiya 'yar Kano-Jidda:
To tunda an ambaci Kano, kada wani ya ce ki ba shi ya tafi da ita, ko ki saka a kago. Akwai yarjejeniyar duniya ta kare namun daji, CITES, da aka sa wa hannu a 1973. Najeriya da Sudan da Saudiyya duk suna ciki, kuma fatar kada da mesa da guza duk ta shafe su. Fitar da irin wannan don sayarwa sai da takardar izini, a nan Cibiyar Kula da Namun Daji ta ƙasa ce ke bayarwa. Ni ganau ce. Na taɓa ɗaukar jakunkunan mesa guda 6 daga gida zan kai wa wata a Turai, a filin jirgin can aka tsare ni awa huɗu, aka karɓe su duka, da ƙyar na tsira ba tara. Ki nemi mai sayen da zai ɗauki nauyin takardun da kansa.

Auta, Jidda:
Anti, na duba da fitila. Alamar hular nan mai tsini tana nan kusa da rubutun. A bayan maɗauri akwai P a cikin da'ira. Ɗigon da Yaya ya faɗa ma na gan shi a kowane gida, ɗinkin kuma a karkace yake. Amma babu ɗan kwaɗo da makullin da nake gani a hotuna.

Sai wani abu. Da na zuge aljihun ciki na tarar da takardu a ɗaure da kyauro. Rasiɗai ne na kuɗin da Inna ta riƙa aikawa gida ana gina mata ɗakuna uku, tun ina firamare. Ta jera su bi da bi, a bayan kowanne ta sa an rubuta mata: bulo, siminti, ƙofa, bulo. Na ƙarshe an rubuta "saura rufi". Ginin yana nan har yau ba kwano. Ashe abin da take ajiyewa a ciki ke nan. Na kasa ci gaba da dubawa.

Hajiya Babba, Makka:
Allahu Akbar. Allah Ya sa ta tarar da wanda ya fi shi a can. Yi kukanki 'yata.

Anti mai shagon jakunkuna, Riyad:
Allah Ya jiƙanta. P a da'ira 1986 ke nan. Alamun suna da kyau, amma har yanzu ban ce miki ta tabbata ba. Rashin kwaɗon zai rage kuɗi, ba zai kashe ciniki ba. Manyan gidajen gwanjo suna duba hotuna su faɗi ƙiyasi kyauta, Sotheby's ma ta yi gwanjonta na farko a ƙasar nan a Dir'iyya a watan Fabrairun 2025, Christie's kuma tana da ofis a Dubai. Ki tura wa biyu, kada ki tsaya a ɗaya. Ni ba zan taya ba, don kada a ce na yi miki bayani ne saboda in saye.

Auta, Jidda:
Mun yi magana da babban yayanmu. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in ta yi kuɗi a rufa ginin Inna, a sa wata gwaggonmu da ba ta da muhalli a ciki, ladan ya je mata. Yayata ta biyu kuma ta ce ita ba ta yarda a sayar ba, ko nawa ne, ta yi ta kuka. Mun tsaya a kan a fara sanin ƙimar tukuna, kamar yadda Malam ya ce. Rasiɗan na cire su na sa a cikin jakar Alƙur'aninta, su kam ba mai taɓa su.

Anti, hotunan ina da ina zan ɗauka?

Anti mai shagon jakunkuna, Riyad:
Gaba, baya, gefe biyu, ƙasa da ƙafafun ƙarfen nan huɗu, rubutun zinare da alamarsa, harafin bayan maɗauri, zif ɗin ciki, da ɗinkin hannu daf da daf. Tsagewar da fumfunar da inda kika shafa mai duk ki nuna, kada ki ɓoye komai. Ki ɗauka da safe a bakin taga, ban da filashi. Ki auna faɗin ƙasanta da tef ki rubuta, in santimita 28 ce ko 32 ko 35.

Hajiya Babba, Makka:
In sun ce a kawo su gani da ido, kada ki tafi ke kaɗai. Ki faɗa mini ranar, in hau jirgin ƙasa in zo Jidda mu je tare, ki taho da yayar taki ma ta ji da kunnenta.